Gidan Dutse da Katako: Darasi Daga Ziyarar Casa Manila a Ƙasar Filifin



Maganar da za mu yi a yau a kan gida ɗaya ce tak, gidan da ke birnin Manila, hedikwatar ƙasar Filifin, wanda aka keɓe a matsayin wurin adana kayan tarihi domin a nuna wa jama'a yadda attajiran ƙasar suka rayu a zamanin mulkin mallakar Turawan Sifen. Sunan gidan Casa Manila. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗalibi da kujeru da kwanukan wasu masu kuɗi da suka mutu fiye da shekara 100 da suka wuce? Amsarmu ita ce, gidan tarihi kamar mai ba da shaida ne a gaban alƙali. Wani ne ya kawo shi, kuma wanda ya kawo shi ya riga ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai yi shiru a kansa. Aikin mai ilmi shi ne ya saurari shaidar da kyau, sa'an nan ya yi mata tambayoyi. Abin da muke so mu gwada yi ke nan a wannan zama.

ƘASAR DA BIRNIN

Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, mutanenta kuwa sun haura miliyan 100. Sunanta ma na aro ne, domin an raɗa mata shi ne don girmama Filib na Biyu na ƙasar Sifen. Jiragen Magellan suka fara isa can a 1521, mulkin Sifen kuma ya kafu daga 1565 har zuwa 1898, wato shekara 333.

A lokacin da Turawan suka iso bakin kogin Pasig, sun tarar da gari mai suna Maynila a hannun sarakuna Musulmi, cikinsu har da Raja Sulaiman. Suka ci garin da yaƙi, a 1571 kuma shugabansu Legazpi ya kafa birninsa a kan kufan na dā. Daga baya aka kewaye shi da ganuwar dutse mai tsawon fiye da kilomita 4, aka kira shi Intramuros, ma'ana "cikin ganuwa". A nan fadar gwamna take, da manyan coci-coci, da makarantu, da barikin soja. A ƙarnonin farko zama a cikin ganuwa na Turawa ne. 'Yan ƙasa da Sinawa 'yan kasuwa sai dai su shigo su yi aiki, su koma unguwanninsu na waje.

A cikin wannan ganuwa Casa Manila yake, daura da cocin San Agustin wanda aka gama ginawa a 1607.

MU SHIGA CIKI

Irin wannan gida mutanen ƙasar suna kiransa bahay na bato, wato "gidan dutse". Amma dutsen a ƙasa kawai yake, bene kuwa duk katako ne. Dalilin haka shi ne, ƙasar tana fama da annoba biyu, gobara da girgizar ƙasa. Gidajen gora da ganye na farko wuta ta cinye su a 1583. Da Turawa suka koma gini da dutse zalla irin na ƙasarsu, girgizar ƙasa ta 1645 ta rusa musu shi a ka. Tilas suka koma ga hikimar talakan ƙasar, wanda tun tuni yake ɗora bukkarsa a kan dogayen itatuwa. Saboda haka ginshiƙan katako ne ke ɗauke da bene da rufi, bangon dutsen kuwa kamar zane ne aka ɗaura wa gidan daga ƙugu zuwa ƙasa. In ƙasa ta motsa, katako ya yi lilo ya tsaya. Mu riƙe wannan tun daga bakin ƙofa: ƙashin bayan gidan attajirin dabarar manomi ce.

Da shigarmu sai wani faffaɗan zaure da ake kira zaguan, inda keken doki kan shige har tsakar gida. Daɓen zauren da na tsakar gidan wani dutse ne mai tauri wanda jiragen ruwan Sinawa kan zuba a cikinsu domin su yi nauyi a teku, in sun iso sai su sauke shi su ɗauki kaya. A tsakar gidan akwai maɓuɓɓugar ruwa ta ado, a gefe kuma bargar dawaki.

In muka hau matakala ta farko sai mu isa wani hawa na tsakiya mai gajeren rufi. A nan ofishin maigida yake, da teburinsa da akwatin kuɗinsa. A nan kuma masu hayar gonakinsa, da dillalai, da masu neman bashi kan zauna jira. Iyakacinsu ke nan. Matakala ta biyu, wadda ta fi faɗi da ado, ba ta kowa ba ce.

Wanda ya isa a bar shi ya hau ta, zai fara da ɗakin tarbar baƙi da ake kira caida, inda akan sha koko a yi wasan karta. Daga nan sai babban zauren sama, mai manyan fitilun ƙarau a rataye, da madubai masu ruwan zinariya, da fiyano, da kujerun da aka kawo daga Turai, da tangaran na ƙasar Sin. A nan ake raye-raye da shagali, a nan ake shirya aure tsakanin gidan kuɗi da gidan kuɗi. Akwai ɗakin ibada na iyali cike da gumakan waliyyan Katolika, akwai ɗakunan kwana da gadajen katako masu rumfa.

Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne yadda maginan suka yi maganin zafi tun babu lantarki. Tagogin dogaye ne, ana turawa gefe, kuma maimakon gilashi an jera musu ƙananan yanka na ɓawon wata ƙumba ta teku da ake kira capiz, wadda ke barin haske ya shigo ta tare zafin rana. A ƙarƙashin kowace taga akwai wata ƙarama a daidai daɓe, wadda ake buɗewa da dare iska ta shigo. Bangayen da suka raba ɗakuna kuma an huda samansu da sassaƙa mai kama da saƙar raga, ta yadda iska za ta bi gidan daga wannan kusurwa zuwa waccan. Lalle duk mai karatun zanen gine-gine a ƙasa mai zafi yana da abin koyo a nan.

Akwai wani abin mamaki kuma a sunayen sassan gidan. Kalmar zaguan ta zaure, da azotea ta farfajiyar sama inda ake wanki da shanya, da aljibe ta matarar ruwan sama, duk asalinsu Larabci ne. Ita aljibe daga "al-jubb" ta fito, wato rijiya, kalmar da muka sani a ƙissar Annabi Yusufu. Sifaniyawa sun gaje su ne daga Musulmin Andalus. Ashe mutanen da suka kawar da daular Musulunci ta ƙarshe a ƙasarsu a 1492, suka zo suka rusa garin Raja Sulaiman, suka laƙaba wa Musulmin tsibiran sunan "Moro" kamar yadda suke kiran na Andalus, su ne kuma suka ɗauko kalmomin Larabawa suka kai su ƙarshen duniya ba tare da sun lura ba.

WANE NE YA JA IGIYAR?

Yanzu mu shiga ɗakin cin abinci, domin a nan shaidar ta fara tuntuɓe. A bisa dogon teburin akwai wani babban mafici na ƙyalle a rataye daga rufi, wanda ake kira punkah, dabarar da ta zo daga Indiya. Da igiya ake jansa, ya kaɗa iska ya kori ƙudaje. Mai ziyara yana ganin maficin, yana ganin igiyar. To, ina wanda ke ja? Ai mutum ne, bara, yana tsaye tun daga farkon liyafa har ƙarshenta, wasu suna ci shi yana ja.

Da zarar mun yi wannan tambaya sau ɗaya, sai ta bi mu ko'ina cikin gidan. Daɓen katakon nan mai sheƙi, wanda a yau aka shimfiɗa darduma domin kada baƙo ya taka shi, barori ne ke goge irinsa da ɓawon kwakwa a ƙarƙashin ƙafarsu. Ruwan wanka da ke bene, a ka ko a kafaɗa ya hau. A madafa akwai murhun itace da tanda, akwai kuma akwatin ajiye ƙanƙara, alhali a tsakiyar ƙarni na 19 ƙanƙarar Manila daga Amurka ake kawo ta cikin jirgin ruwa. Mu kwatanta kuɗin ƙanƙarar da ladan wanda ke fasa ta. Hatta makewayin gidan, mai mazauni biyu gefe da gefe, wanda yake ba masu ziyara dariya, wani ne ke wanke shi.

Gidan ya adana mana gadon uwargida, da madubinta, da abin da take kallo in ta farka. Su kuwa waɗanda suka yi ta hawa da sauka, sai mu bi sawunsu ta kan igiya da tulu da toka. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

DAGA INA DUKIYAR TA FITO?

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi. Shekara 250, daga 1565 zuwa 1815, arzikin Manila ya dogara ne ga manyan jiragen ruwa da ke zirga-zirga tsakaninta da Akafulko ta ƙasar Meziko. Sukan ɗauki siliki da tangaran na Sin, su komo da azurfar Amurka. Ribar wannan ciniki Turawan cikin ganuwa ke rabawa. Jiragen kuwa 'yan ƙasa ne suka sare itatuwansu suka ƙera su, a ƙarƙashin dokar aikin tilas da ake kira polo, wadda ta ɗora wa kowane namiji daga shekara 16 zuwa 60 aikin kwana 40 a shekara. Mai kuɗi yakan biya fansa a ƙyale shi. Sai a 1884 aka rage kwanakin zuwa 15.

Masu gidaje irin Casa Manila ba 'ya'yan wancan ciniki ba ne. Tasowarsu ta biyo bayan 1834, lokacin da aka buɗe tashar Manila ga jiragen duniya. Kamfanonin Ingila da Amurka suka shigo da jari suna neman sukari, da taba, da gahawa, da zaren abaka wanda ake tufka igiyar jiragen ruwa da shi. Aka buɗe tashar Iloilo a 1855, tsibirin Negros ya koma gonar rake. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869 tafiya Turai ta ragu zuwa kimanin wata guda, kaya da mutane suka yi ta kai da kawowa.

Waɗanda suka tsaya tsakanin kamfanonin waje da manoma su suka yi kuɗi. Da yawansu ruwa-biyu ne, uba Basine uwa 'yar ƙasa, wasu kuma jikokin sarakunan gargajiya ne da Turawa suka mayar masu karɓar haraji. Hanyarsu sananniya ce. Su ba manomi bashi kafin damina, gonarsa ta zama jingina, in ya kāsa biya gona ta salwanta, shi kuma ya zauna a cikinta yana noma ana raba amfani da shi. Wasu kuma sukan yi hayar manyan filaye daga ƙungiyoyin limaman Katolika, waɗanda suka mallaki ƙasa mai ɗimbin yawa kewaye da Manila, sa'an nan su zuba talakawa su nome musu. Domin mu gane girman waɗannan filaye, a 1903 gwamnatin Amurka ta sayi kimanin eka 400,000 daga hannun limaman a kan dala miliyan 7 da 'yan kai. A arewacin tsibirin Luzon kuwa, gwamnati ta yi kane-kane da cinikin taba na kimanin shekara 100 daga 1782. Ita ke yanka wa manomi yawan abin da zai shuka, ita kaɗai zai sayar wa, ita ke sa farashi, sau da yawa kuma takardar alkawari ake ba shi maimakon kuɗi.

In mun fahimci wannan, sai mu gane cewa ɗakin da ya fi kowane muhimmanci a gidan shi ne ɗan ofishin nan mai gajeren rufi. Abin da aka rubuta a littafin bashi a hawan tsakiya shi ya kunna fitilun ƙarau a hawan sama.

ADALCI GA MASU GIDAN

Amma fa kada mu yi wa tarihi kuɗin goro. Waɗannan attajirai, duk da fiyano da madubansu, Baturen Sifen bai ɗauke su daidai da kansa ba. Ɗan ƙasa "indio" yake kiransa, ko da ya fi shi kuɗi da karatu. Su ne suka fara tura 'ya'yansu jami'o'in Manila da Madrid, daga cikin 'ya'yan nan kuma aka sami rukunin 'yan boko da ake kira ilustrado, waɗanda suka fara tunanin cewa mazauna tsibiran al'umma ɗaya ce. Kashe limaman coci uku 'yan ƙasa da gwamnati ta yi a 1872 ya ƙara buɗe musu ido.

Mafi shahara cikinsu shi ne Jose Rizal, likitan ido, wanda aka haifa a 1861 a garin Calamba, cikin gidan dutse da katako irin wanda muke magana a kai. Iyayensa masu hayar filin limamai ne. Littafinsa Noli Me Tangere, wanda ya buga a Balin a 1887, ya buɗe ne da liyafar dare a gidan wani attajiri na unguwar Binondo, ya tona asirin zaluncin limamai da fadancin masu kuɗi. Da rikicin haya ya yi tsanani, aka kori iyalinsa da maƙwabtansu daga gonaki. A ƙarshe aka tsare shi a kurkukun Fort Santiago cikin wannan ganuwa, aka harbe shi ranar 30 ga Disamba, 1896, yana da shekara 35.

Sai dai wanda ya ɗaga tutar yaƙi a 1896 daga wata unguwa dabam ya fito. Andres Bonifacio ɗan Tondo ne, ma'aikacin sito, shi ya jagoranci ƙungiyar asiri ta Katipunan da aka kafa a 1892. Bai kai ga ganin ƙarshen gwagwarmayar ba, domin a 1897 'yan'uwansa 'yan tawaye suka yi masa shari'a suka kashe shi a rikicin shugabanci. A 1898 Sifen ta miƙa wa Amurka tsibiran a kan dala miliyan 20, yaƙi ya sake ɓarkewa. Kafin ya lafa, a 1900, wasu daga cikin manyan masu kuɗi da ilmi na Manila suka kafa jam'iyyar da ke neman ƙasar ta zama jiha cikin Amurka. Ke nan gida ɗaya ya haifi mai sadaukar da rai, ya kuma haifi mai neman sabon ubangida. Ilmi bai zaɓa wa kowa ɓangare ba, kowa shi ya zaɓa.

WANE NE YA GINA GIDAN?

Saura tambaya ta ƙarshe. Mai ziyara zai ɗauka cewa wani iyali ya taɓa zama a Casa Manila. Babu wanda ya taɓa. Tsohuwar Intramuros ta ƙare ne a yaƙin Manila na Fabrairu zuwa Maris 1945, tsakanin sojojin Japan da na Amurka, inda farar hula kimanin 100,000 suka hallaka. Cikin manyan coci-cocin da ke cikin ganuwa San Agustin kaɗai ya tsira. A 1979 gwamnatin Shugaba Ferdinand Marcos ta kafa hukumar farfaɗo da Intramuros, a farkon shekarun 1980 kuma aka gina Casa Manila bisa jagorancin matarsa Imelda Marcos. An kwaikwayi fuskarsa ne daga wani gida na wajejen 1850 da ke unguwar San Nicolas, a wajen ganuwa, hayin kogi. Kayan ciki tsofaffi ne na gaske, amma tattaro su aka yi daga wurare dabam-dabam.

Ba mu ce kwaikwayo laifi ne ba. Birnin da yaƙi ya share yana da haƙƙin ya tuna kamanninsa, kuma masu sassaƙa da maginan da suka yi aikin sun cancanci yabo. Abin dubawa shi ne zaɓin da aka yi. Gwamnatin da ta ɗora wa ƙasa dokar soja daga 1972 zuwa 1981, da ta tashi nuna wa duniya tarihin Filifin, sai ta zaɓi zauren attajiri. Ba a daɗe da gama gidan ba kasuwar sukari ta faɗi, yunwa ta afka wa ma'aikatan rake na Negros, a Satumba 1985 kuma jami'an tsaro suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a garin Escalante, kimanin mutum 20 suka mutu. A Fabrairu 1986 jama'a suka kori Marcos. Wadda ta gaje shi, Corazon Aquino, ta sa hannu a dokar rabon gonaki a 1988, amma ita kanta 'yar gidan masu gandun rake ce, gandun danginta na Hacienda Luisita mai fiye da hekta 6,000 kuwa sai a 2012 kotun ƙoli ta yanke hukuncin ƙarshe a kan raba shi ga manoma. A 2022 aka zaɓi ɗan Marcos shugaban ƙasa. Wannan ya nuna mana cewa batun wane ne ke da gona, wane ne ke nome ta, bai shiga gidan tarihi ba tukuna.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ɗalibai, ba mu kawo wannan bayani domin mu hana kowa sha'awar abu mai kyau ba. Gidan yana da kyau ƙwarai, kuma duk wanda Allah ya kai shi Manila muna ba shi shawara ya shiga. Abin da muke roƙo shi ne ya shiga da tambayoyin nan uku: wane ne ya yi aikin, daga ina kuɗin suka fito, kuma wane ne ya shirya abin da ake nuna mini, don me? Tambayoyin ba na Manila kaɗai ba ne. Wanda ya je Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, zai iya shiga da su a aljihunsa.

Mu kuma da muke jami'a, ya kamata labarin 'yan bokon Filifin ya tsaya mana a rai. Karatun da muke yi matakala ce, kuma akwai guminsu waɗanda ba su taɓa hawanta ba a cikin kowane tsani. Wata rana wasunmu za su zauna a hawan sama. A ranar ne za a san ko muna tuna mutanen da muka bari suna jira a ƙasa.